Garin kununa yana gudaji a kofi kuma yana dunƙulewa a leda, wane inji zan saya?

Tambayar da wata baiwar Allah mai haɗa garin kunu a Zariya ta turo kenan. Tana haɗa gero da gyaɗa da waken soya da dabino da madarar gari da sukari ta ɗura a leda tana kai wa masu shaguna. Ta ce masu saye suna ƙorafin idan sun zuba a ruwan zafi sai ya yi ta yawo a sama yana gudaji, da damina kuma sai ya cure a leda kamar dutse, alhali madarar kamfani da an zuba ta narke. Wani ya ce mata sai ta sayi injin feshi irin wanda kamfanoni ke busar da madara da shi ta zama gari, shine take tambaya ko gaskiya ne.

To Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'ar. Ni aikina kenan, na shafe shekaru a ɓangaren busar da gari da curawa a masana'antar abinci, kuma abu na farko da zan roƙe ki shine kar ki fitar da ko sisi kan wannan injin tukuna. Abin da kika kawo cuta biyu ce daban daban, kowacce da maganinta. Gudajin kofi laifin laushin gari ne da ɗanyen sitaci, dunƙulewar leda kuma laifin danshi ne, kuma abin da zai ba ki mamaki shine maganin na farkon shine ki dunƙule garin da kanki da gangan, amma dunƙulewar da ke kika tsara girmanta, sannan ki busar da shi sosai.

Bari mu fara da kofin. Mutanenmu suna ganin duk garin da ya fi laushi shi ya fi kyau, sai ki ga an kai niƙa sau biyu an tankaɗe da rariya mai laushi har ya koma kamar hoda, to a nan matsalar take farawa. Kafin gari ya narke dole ruwa ya jiƙa kowace ƙwaya, ta nutse, ta rabu da 'yan uwanta, sannan ta narke ko ta kumbura. Idan ƙwayoyin sun yi ƙanana sosai, ƙasa da maikiron 100 misali (maikiron 1000 ne milimita 1), ƙofofin da ke tsakaninsu sun yi ƙanƙanta da yawa, iska ce cike a ciki kuma ruwa ba shi da hanyar da zai kore ta ya shiga, ga kuma man gyaɗa da na waken soya da kitsen madara sun lulluɓe bayan ƙwayoyin, kin san dai ruwa da mai ba sa shiri. Shi yasa kike ganin garin ya zauna a saman ruwa. Da kin sa cokali kin juya kuma sai ruwan zafin ya dafa na wajen nan take, domin sitacin gero da masara yana fara dahuwa ne tun wajen digiri 60 zuwa 75, sai ya yi wata fata mai yauƙi ya rufe busasshen garin da ke ciki ruf. Fasa gudaji ɗaya ki duba, za ki tarar cikinsa busasshe ƙarau. Iyayenmu sun san wannan sarai, shi yasa babu macen da ke zuba garin kunu kai tsaye a tafasasshen ruwa, sai ta fara dama shi da ruwan sanyi. Mai saye na yanzu kuma ba shi da wannan haƙurin, yana so ya zuba ya juya ya sha.

Su kamfanoni abin da suke yi shine su manne ƙananan ƙwayoyin nan da juna su zama wasu 'yan dunƙulalli masu ramuka ramuka kamar soso, girmansu daga maikiron 200 zuwa sama. Ɗebi madarar Nido ki zuba a tafin hannu ki duba a rana, za ki ga ba hoda bace, ɓurɓushi ne. Ramukan nan sune ke zuƙo ruwa ciki kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir, nauyin dunƙulen kuma ya sa ya nutse, yana nutsewa mahaɗin ya narke ƙwayoyin su watse kowacce ta jiƙe. Don maganin maiƙon kuma sai su fesa masa lesitin na waken soya ɗan kaɗan, bai fi kashi 0.2 zuwa 0.5 cikin ɗari ba, duba bayan gwangwanin za ki ga an rubuta shi. Lesitin gefe ɗaya yana kama mai ɗaya gefen yana kama ruwa, shine ɗan sulhun da ke tsakani.

Kuma ba tun farko madarar gari take haka ba. Dabarar busar da abu ta hanyar feshi tun 1872 wani Samuel Percy ya yi mata rajista a Amurka, amma shekaru da dama madarar da ake samu mai gudaji ce kamar garinki, sai a shekarun 1950 David Peebles ya zo da dabarar a sake jiƙa busasshiyar madarar da tururi kaɗan har bayanta ya yi danƙo ta manne da juna, sannan a sake busarwa. Daga nan madara mai narkewa nan take ta shigo kasuwa. Wato sun busar, sun sake jiƙawa, sun sake busarwa. Yau ana yi ne a wani inji da ake hura iska mai zafi ta ƙasan wani faranti mai ƙananan huji, garin ya riƙa tashi yana faɗowa kamar ruwa na tafasa, ana fesa masa ruwa ko ruwan sukari ta sama, ƙwayoyin suna karo da juna suna mannewa suna bushewa a lokaci ɗaya. Irin wannan aikin ne ake wa garin sabulun wanki, da garin magani kafin a danne shi ya zama ƙwaya, da takin yuriya da ake yi a Eleme da Lekki, wanda kike gani ƙwaya ƙwaya farare maimakon gari.

Ranar da na fara tsayawa gaban irin wannan injin wallahi abin da ya faɗo min a rai shine dambu. Ki tuna yadda ake yi, a zuba gari ko tsaki a ƙwarya, a yayyafa ruwa kaɗan kaɗan ba a kwarara ba, a riƙa murzawa da tafin hannu ana juyawa har ya zama tsaba tsaba, a tankaɗe manyan a sake murje su, a zuba a madambaci a turara. Wannan shine ainihin aikin, babu abin da injiniya ya ƙara sai ma'auni da sauri. A Nijar mata suna murza garin gero su yi degge su turara su busar su ɗura a leda suna sayarwa, kuskus ɗin da ake sayowa a kwali ma haka ake yinsa a masana'anta, a jiƙa a murza a turara a busar. Saboda haka ilimin yana hannunki, abin da ya rage shine tsari.

Turarawar nan ina so ki riƙe ta da kyau domin ita ce rabin sirrin. Garin da za a ce masa na nan take dole sitacinsa ya riga ya dahu. Suyar gero da waken soya da kike yi a kasko tana ba da ƙamshi tana kashe ɗanyen warin waken, amma ba ta dafa sitaci yadda ake so saboda sitaci ba ya dahuwa sai da ruwa. Kamfanonin garin yara suna dama kunun ne gaba ɗaya su dafa shi, sannan su shafa shi siriri a bayan wata ƙatuwar gangar ƙarfe mai juyawa wadda tururi ya cika cikinta, kafin ta zagayo ya bushe kamar takarda sai wuƙa ta kankare a farfasa. Ke ba ki da wannan gangar, amma madambaci zai kai ki nesa.

Ga yadda zan yi da ni ne a matsayinki, kuma ki fara da kilo 1 kar ki fara da buhu. Ki raba kayan gida biyu, na jiƙawa da waɗanda ruwa ba zai taɓa ba. Gero da waken soya da gyaɗa su ne na jiƙawa. Madara da sukari da garin dabino ki ajiye su gefe sai ƙarshe. Ki daina niƙa mai laushin hoda. Ki samu kwalbar feshi sabuwa wadda ba a taɓa zuba komai ciki ba, ki zuba tafasasshen ruwan da ya huce, ki riƙa fesawa kina murzawa, kuma ki auna ruwan kafin ki fara don ki san nawa ya sha, ɗanyen garin hatsi yakan sha wajen kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa kafin ya curu, soyayye mai gyaɗa kuma yakan bambanta, shi yasa na ce ki auna ki rubuta. Alamar ya isa ita ce ki damƙa a hannu ya dunƙule, ki taɓa shi da yatsa ya wargaje. Idan ya maƙale a hannu ruwa ya yi yawa, kin koma kwaɓi. Sai ki murza shi ta cikin rariya mai hujin milimita 1 zuwa 1.5, ki turara har launinsa ya canja ya daina ɗanɗanon ɗanye, ki juye ki warware shi tun da zafinsa, ki sake bi da shi ta rariya, sai busarwa. Idan kika narka ɗan sukari kaɗan a ruwan feshin zai ƙara wa ƙwayoyin ƙarfi, domin in ya bushe shi ke zama gadar da ta riƙe su, amma kaɗan fa, in ya yi yawa busarwar za ta ba ki wahala. In kin samu lesitin na abinci wajen masu sayar da kayan biredi da kek, shi ma a ruwan feshin ake sa shi, da ɗumi.

Wani abu da nake jin tsoro a nan kuma ba zan ɓoye miki ba, daga lokacin da ruwa ya taɓa garin nan kin buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Jiƙaƙƙen gari mai ɗumi da waken soya a ciki abincinsu ne, akwai masu jure turarawa ma su farfaɗo idan aka bar shi ya kwana da danshi. Duk abin da kika jiƙa ranar ya shiga busarwa cikin awa ɗaya ko biyu, kuma ya bushe a ranar. Kar ki jiƙa abin da ya fi ƙarfin abin busarwarki. Gyaɗar ma ki tsince ta da kyau, duk mai fumfuna ko ta canja launi ki zubar, gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa suya ba ta kashe ta, kuma yara ne yawancin masu shan kunun nan.

Yanzu busarwa, inda yawancin mutane ke faɗuwa. Zafi kaɗai ba ya busar da abu, iska ce ke ɗauke ruwan, zafin yana taimaka mata ne kawai. Misali a watan Agusta iskar waje tana digiri 28 da laima kashi 80 cikin ɗari, in kika shanya gari a cikinta ba zai taɓa kaiwa inda kike so ba ko da kwana uku zai yi, amma wannan iskar dai in kika ɗumama ta zuwa digiri 60 laimarta tana sauka zuwa wajen kashi 15, ta zama kamar iskar hunturu mai ƙishirwa. To amma in ta sha ruwan dole ta fita wata ta shigo. Na sha ganin an ƙera akwatin busarwa a wajen masu walda an rufe shi ruf babu mafitar iska, sai ya zama tukunyar turare, ruwa na ɗiga daga rufin yana komawa kan kayan. Akwatin da zai yi miki aiki yana bukatar fanka mai tura iska ta ratsa tire tire, da ƙofar shigar iska a ƙasa, da mafita a sama, da ma'aunin zafi da za ki riƙa gani. Zafin ya tsaya tsakanin digiri 55 da 65, shimfiɗar kar ta wuce kaurin yatsa ɗaya, tiren kuma mai raga ya fi, a riƙa motsawa ana canja musu waje. In kika ƙure wuta don sauri bayan ƙwayar zai ƙanƙare ya kulle ruwa a ciki, ki taɓa ki ji kamar ya bushe, bayan kwana huɗu a leda ruwan cikin ya fito ya raba kansa ga kowa. Kuma hayaƙin gawayi ko na gas kar ya taɓa kayan kai tsaye.

Ki kuma san da cewa ƙarshen busarwa shi ne mai cin lokaci. Ruwan farko da ke bayan ƙwaya da sauri yake tafiya, na ƙarshen da ke can ciki sai a hankali, shi yasa mutane ke gajiya su sauke da wuri. Lissafin ba wuya. In kina da kilo 10 mai ruwa kashi 20 cikin ɗari, ainihin garin kilo 8 ne, in kina so ya sauka zuwa kashi 5 to nauyinsa zai koma wajen kilo 8.4, wato sai ruwa kilo 1.6 ya fita. Ɗora tire ɗaya a sikeli duk bayan rabin awa, in nauyin ya daina sauka sau biyu a jere to ya kai iyakar abin da wannan iskar za ta iya.

Bayan ya bushe ki sake tankaɗewa da rariya biyu, manyan da suka ƙi wucewa ki farfasa a hankali, hodar da ta zube ƙasa kuma kar ki haɗa ta da na sayarwa, ki mayar da ita cikin garin da za ki murza gobe. A masana'anta ma haka ake yi, akwai bututu na musamman da ke mayar da hodar baya. Sai ki kawo madara da sukari ki gauraya a bushe, a hankali, ba a cikin bilenda ba, domin in kika niƙa madarar kamfani kin rusa aikin da kika biya kuɗinsa kin mayar da ita mai gudaji. Ki sayi madara mai narkewa nan take, sukarin kuma ya zama ƙananan ƙwayoyi masu kusan girman na garin, in ba haka ba girgizar mota a hanya za ta raba su, wani ya sha zaƙi wani ya sha lami.

Mu dawo kan leda. Ruwa ba ya tsami banza, garin da ya cure a leda danshi ya samu, ko dai an ɗura shi da ruwansa, ko ya sha daga iska lokacin ɗuri, ko ya shigo ta jikin ledar. Garin hatsi zalla yana zama lafiya da ruwa kashi 10 zuwa 12, amma da zarar kin sa madara da sukari da dabino lissafi ya canja, sai ƙasa da kashi 5, ita madarar kamfani ma kashi 3 zuwa 4 take fitowa. Dalili shine wasu kayan suna jan ruwa daga iska da kansu. Gishiri yana fara jiƙewa in laimar iska ta kai kashi 75, yuriya ma kusan nan, farin sukari sai wajen 85, amma in aka haɗa biyu ko uku waje ɗaya sukan fara jiƙewa a ƙasa da inda kowannensu zai fara shi kaɗai, shi yasa yaji mai gishiri da magi da sukari ya fi kowa saurin curewa. Bayan ƙwayoyin ya ɗan narke da dare in an yi laima, rana ta fito ya sake bushewa, abin da ya narken ya daskare ya zama siminti a tsakaninsu. Kin ga aikin da muka yi da gangan a sama ne yake faruwa, amma wannan karon ba mai tsayar da shi.

Dabinon nan kuma ina zarginsa fiye da kowa a haɗinki. Sukarin da ya bushe da sauri ba ya komawa ƙwaya irin na sukarin shayi, yana daskarewa ne kamar alawa mai ƙarfi, kuma kowane iri yana da zafin da in ya kai sai ya saki ya fara danƙo. Na madara in ya bushe ƙarau sai wajen digiri 100, amma ruwa kaɗan yana sauko da wannan lambar ƙasa sosai har ta iso zafin ɗaki. Irin sukarin da ke cikin dabino da zuma da 'ya'yan itace kuwa iri biyu ne, ɗaya wajen digiri 31 yake saki, ɗayan wajen digiri 5 kacal, wato a zafin shagon Zariya a watan Afrilu tuni ya saki ko babu damina. Shi yasa masu yin garin zoɓo da tumatir da mangwaro a masana'anta suke haɗawa da maltodekstirin mai yawa, wani gari ne da ake samu daga sitaci wanda ke ɗaga wannan lambar sama. Ke abin da ya fi miki sauƙi shine ki niƙa busasshen dabinon tare da wani kaso na busasshen garin geron don ya lulluɓe shi, ki rage yawansa, ko ki sa shi a 'yar ledarsa daban a cikin babbar.

Akwai hodar hana curewa da ake sawa, silika ta abinci, wadda a Amurka dokarsu ba ta yarda ta wuce kashi 2 cikin ɗari ba, kuma in za ki sa dole ki rubuta a jikin leda ki kuma bayyana wa NAFDAC lokacin rajista. Tana taimakawa amma ba ta gyara garin da aka ɗura da danshi, na ga masu zuba ta da yawa suna tunanin sun huta da busarwa, ƙarshe ga curewa ga ɗanɗanon ƙasa a baki.

Wani abu ya taɓa faruwa da mu a wata masana'anta da na yi aiki wanda har yau in na tuna raina yana ɓaci. Garin kayan miya ne, an matsa mana mota na jira, aka ɗura shi a buhuna yana fitowa daga injin busarwa da ɗuminsa ba a bari ya bi ta wajen sanyayawa yadda ya kamata ba, awon ruwansa kuma daidai yake a takarda. Da dare ya yi jikin buhun ya yi sanyi, ɗumin tsakiya ya kori ɗan ruwan da ya rage zuwa gefe ya taru a jikin leda, kafin motar ta isa kudu ta kwana biyu a sito duk gefen buhunan ya zama dutse, aka dawo mana da kaya gaba ɗaya, leburorin da suka kwana suna ɗurin ne kuma aka fara ɗora wa laifi alhali umarni suka bi. Tun daga ranar ban yarda a ɗura abin da ya fi zafin ɗaki ba. Ke ma ki bar shi ya huce, amma ba a buɗe a tsakar gida da damina ba, a cikin babban bokiti mai murfi ko a cikin akwatin busarwar bayan an kashe wuta fanka na aiki.

Ledar kanta, wannan farar ta kasuwa da ake ƙulla sukari tana hana ruwa zuba amma laima tana ratsa ta a hankali, iska ma haka, shi yasa bayan wata biyu gyaɗar ke fara warin tsohon mai. Ki nemi leda mai rufi biyu ko uku mai launin azurfa a ciki irin ta madarar sacet, ki liƙe da injin liƙi, kuma ki goge bakin kafin liƙewa domin garin da ya maƙale a bakin yana barin ƙofa. Gwajinta mai sauƙi ne, liƙe ɗaya da iska a ciki ki danna ta a cikin bokitin ruwa, in kin ga kumfa to akwai huji. Ɗurin kuma ki yi shi da tsakar rana a rufaffen ɗaki, ba da asuba ba, ba lokacin da hadari ya haɗo ba.

Shi injin feshin da aka ce ki saya, aikinsa shine ya karɓi abu mai ruwa ya mayar da shi gari. Madara ake fara ƙafewa har ta yi kauri ta zama kusan rabi ruwa rabi madara, a fesa ta kamar hazo a saman wata doguwar hasumiya mai hawa da yawa, iska mai zafin digiri 180 zuwa 200 ta tare ta, cikin 'yan daƙiƙu ta faɗo a gari. Ke kayanki a bushe suke tun farko, in za ki yi amfani da shi sai kin dama su da ruwa mai yawa sannan ki biya kuɗin gas ko dizal na ƙafe ruwan da ke kika zuba, ga kunu mai kauri yana toshe bakin feshin, ga kuma abin takaicin, ƙaramin injin feshi irin wanda ake tallatawa hoda mai laushi yake fitarwa, wadda ta fi garinki gudaji. In kasuwa ta buɗe har hannu ya kasa, abin da za ki nema shine injin gauraya mai fesa ruwa, da injin da ke tura jiƙaƙƙen gari ta raga, da akwatin busarwa mai kyau, cibiyar FIIRO da ke Oshodi a Legas tana aiki kan irin waɗannan injinan sarrafa abinci na gida, za ki iya tuntuɓarsu. Kuma duk ƙarfen da zai taɓa abinci ya zama wanda ba ya tsatsa.

In aiki ya girma ki kula da ƙura. Ƙurar gari da ta sukari in ta cika rufaffen ɗaki ta haɗu da tartsatsi fashewa take kamar gas, a watan Fabrairun 2008 ƙurar sukari ta tashi da matatar Imperial Sugar a jihar Jojiya ta Amurka mutum 14 suka mutu. Kar a bar gari ya taru a kan rufi da bayan inji da wayoyin wuta, kar a haɗa wajen niƙa da wajen murhu, masu tankaɗe kuma su sa takunkumi saboda ƙirjinsu.

Abin da zan so ki fara saya a satin nan ba ya da tsada. Ƙaramin sikeli irin na masu gwal, da ɗan agogon nan na dijital mai nuna laimar ɗaki, da ma'aunin zafi. Ɗebi garinki na yanzu giram 20 daidai, sa shi a obin mai digiri 105 na awa uku, bar shi ya huce a rufe ki sake aunawa, in ya koma giram 18 to ruwansa kashi 10 ne cikin ɗari. Sannan ki cika kwalbar gilashi rabi da garin, ki ɗora agogon laimar a ciki ba tare da ya nutse ba, ki rufe gam ki bar shi ya kwana, lambar da ya nuna da safe ita ce gaskiyar danshin garinki. In ta haura 60 fumfuna na iya kama shi, kar ya fita kasuwa. Mai madara da dabino ina so in ga ta tsaya wajen 30 ko ƙasa. Ki yi wa tsohon haɗin, ki yi wa sabon da kika murza kika turara, ki zuba cokali ɗaya na kowanne a saman ruwan ɗumi ba tare da juyawa ba ki ƙirga daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya nutse duka, sai ki turo min lambobin nan da adadin ruwan da kilo ɗayan ya sha, daga nan zan gaya miki ko rariyar za a canja ko lokacin busarwar.